Muhawara a kan George Enescu, makaɗin da ke kan takardar lei biyar ta Romaniya

Usman: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Wata huɗu ke nan da na fara karatun likitanci a birnin Iași da ke arewa maso gabashin Romaniya, kuma akwai sunan da nake ta cin karo da shi ba tare da na san mai shi ba. Hotonsa ne a kan takardar kuɗi ta lei biyar, sunansa aka sa wa jami'ar zane da kiɗa ta wannan birni, haka ma filin jirgin saman Bacău inda na sauka. Sunan shi ne George Enescu. Da na tambayi wani abokin karatuna ɗan ƙasar, sai ya kunna mini wani kiɗa mai sauri a wayarsa, bai kai minti biyu ba ya kashe, ya ce mutumin ke nan. Na kasa gane yadda ƙasa za ta ɗora makaɗi a kan kuɗinta saboda kiɗan rawa guda ɗaya. Baba Dakta Sani, na san a nan ka yi karatu, ko za ka haska mana?

Dakta Sani: Wa alaikumus salam, ɗana Usman. Allah ya ba da sa'ar karatu, ka kuma tanadi rigar sanyi mai kauri tun kafin Disamba. Lokacin da muke can a shekarun 1980 ba ya kan kuɗi. Daga baya aka sa shi a takardar lei 50,000, wadda ta koma lei 5 a shekarar 2005 da aka share sifili huɗu daga kuɗin ƙasar. Idan ka juya bayan takardar za ka ga wani gini mai ƙubba, wato zauren kiɗa na Ateneu da ke Bukarest, kuma babbar ƙungiyar makaɗan da ke zaune a cikinsa sunansa take amsawa.

An haife shi ranar 19 ga Agusta, 1881, a ƙauyen Liveni kusa da Dorohoi, a yankin Moldabiya, wato yankin da kake zaune yanzu, kuma ƙauyen ma sunansa aka mayar masa. Shi ne ɗa na takwas a wurin iyayensa, bakwai ɗin da suka riga shi duk sun rasu suna ƙanana, saboda haka za ka iya kwatanta irin riritawar da aka yi masa. Yana ɗan shekara huɗu zuwa biyar ya fara riƙe gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, kuma wanda ya fara nuna masa hannu wani makaɗin ƙauye ne da ake kira Lae Chioru. Da mahaifinsa ya kai shi wurin Eduard Caudella, babban malamin kiɗa a nan Iași, sai malamin ya ba da shawarar a wuce da yaron Viyana. A 1888 aka karɓe shi a babbar makarantar kiɗa ta Viyana yana da shekara bakwai, ya gama kafin ya cika sha uku, sannan a 1895 ya koma ta Paris, inda ya zauna a gaban Massenet da Fauré, ya yi aji ɗaya da Maurice Ravel, dukansu manyan masu tsara kiɗa na Faransa. Abin da abokinka ya kunna maka, ina da tabbacin rafsodin Romaniya na farko ne, wato kiɗan da aka gina kan kaɗe-kaɗen gargajiya na ƙasar, wanda ya rubuta a 1901 yana da shekara sha tara. Sauran bayanin na bar wa Malam Habibu, domin ni kunne kawai gare ni, shi kuwa fanninsa ne.

Malam Habibu: Na gode, Dakta. Usman, tambayarka ta faɗa daidai kan abin da ya dami Enescu kansa har ya tsufa. Rafsodi biyu ya rubuta a 1901, aka fara kaɗa su a Bukarest a 1903 shi ne jagoran makaɗa, suka karɓu nan take. Daga nan duk inda ya je a duniya su ake roƙonsa, tun ba ma na farkon ba, har ya riƙa kokawa cewa sun danne sauran aikinsa. Ka dubi girman abin: mutum ya rayu shekara 73, ya yi fiye da shekara hamsin yana rubutu bayan waɗannan biyun, amma duniya ta tsaya a kan abin da ya yi yana saurayi.

Ni a ganina rafsodin farko shi ne mafi ƙanƙanta cikin manyan ayyukansa, duk da daɗinsa. Kaɗe-kaɗen da makaɗan gari suke yi a gidajen biki da wuraren shaƙatawa ya tattaro, ya jera su, ya rarraba wa babbar ƙungiyar makaɗa cikin gwaninta. Wanda yake son ya san kaifin basirar yaron, ya nemi kiɗan da ya tsara wa makaɗa takwas masu kayan tsirkiya a 1900, kafin rafsodin da shekara guda. Yana cin wajen minti arba'in, muryoyi takwas suna ta saƙa da warwara, kari kaɗan ne yake ta juyawa tun daga farko, sannan a sashe na ƙarshe ya dawo da su gaba ɗaya ya ɗora wani kan wani. Wanda bai kai shekara ashirin ba ya riƙe zaren abu mai wannan tsawo bai tsinke masa ba, wannan ne abin mamakin, kuma shi ya sa nake jin ciwo idan aka taƙaita mutumin a kan minti biyun waya.

Hajiya Rabi: Malam Habibu, ina da ja a kan maganarka, kuma ina roƙon a yi mini haƙuri idan na tsawaita. Ka ce ya tattaro kaɗe-kaɗen makaɗan gari, ka wuce kamar ƙaramar magana ce. Su wane ne makaɗan? A Romaniya ana kiransu lăutari, kuma mafi yawansu 'yan ƙabilar Roma ne, mutanen da aka riƙe a matsayin bayi a yankunan Moldabiya da Walakiya na ƙasar har zuwa 1855 da 1856. Ke nan tsakanin 'yanta su da haihuwar Enescu shekara ashirin da biyar ne kacal. Su suka gaji wannan kiɗa kaka da kakanni, uba ya koya wa ɗa ba tare da takarda ba, suna yi wa masu ƙasa kiɗa a biki ana jefa musu abin da ya samu. Ɗan mai hali ya zo ya saurara, ya rubuta, ya sa sunansa, ya kai Paris, yau hotonsa ne a kan kuɗi. Lae Chioru kuwa, da bai koya wa wannan yaro ba, da ko sunansa ba mu ji ba. Mu da muka san yadda ake kallon mai goge a garuruwanmu, a ji daɗin kiɗansa da dare a hana shi auren 'ya da rana, bai kamata wannan ya wuce mu ba. Ina adalci a nan?

Malam Habibu: Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganarki tana da nauyi, kuma game da rafsodin farko ba ni da abin musu. Karin da ya buɗe da shi waƙar mashaya ce da kowa ya sani a ƙasar, kuma kusa da ƙarshe akwai sanannen kiɗan nan da ake kwaikwayon kukan tsuntsu da shi, wanda lăutari suke nuna bajinta a kansa. Bai ɓoye asalinsu ba, amma gaskiya ne shi ya ci sunan.

Sai dai ina so ki duba abin da ya yi bayan shekara ashirin da biyar. A 1926 ya rubuta sonata ta uku ta goge da fiyano, ya rubuta a kanta cewa an yi ta ne bisa ɗabi'ar kiɗan jama'ar Romaniya. A cikinta babu karin kowa ko ɗaya, duk nasa ne, amma wanda ya ji zai rantse wani tsohon makaɗin ƙauye ne yake kaɗawa yadda zuciyarsa ta raya masa. Fiyano yana kwaikwayon țambal, wato kayan kiɗan nan mai tsirkiyoyi da yawa da ake bugawa da 'yan sanduna biyu. Gogen kuma yana jan sauti irin na doina, kiɗan bege da kewa wanda ba ya bin ƙidayar bugu, yana miƙewa yana tsayawa kamar numfashin mai kuka. Don ya kama wannan a takarda sai da ya wuce iyakar rubutun kiɗan Turai na lokacin. Ya rubuta sautukan da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano biyu masu maƙwabtaka, ya nuna tsirkiyar da za a taɓa, da yawan rawar da yatsa zai yi, da inda za a zame daga sauti zuwa sauti. Kusan kowane sauti da umarninsa. Wanda ya raina makaɗan ƙauye ba zai yi musu irin wannan sauraron ba. Haka kuma a 1940, a kiɗan da ya tsara kan tunanin yarintarsa, sashen farko hoton makaɗin ƙauye ne, goge shi kaɗai ba rakiya.

Hajiya Rabi: Na karɓi rabin amsar, Malam. Na yarda ya girmama su, kuma na ji daɗin bayanin sonatar, zan neme ta. Amma girmamawa daban, rabon gado daban. Har gobe ɗan Roma a Romaniya yana fama da ƙyama, kiɗan kakanninsa kuwa ana kaɗa shi a zauren da masu kwat suke cika. Ban ɗora wa Enescu laifin wannan shi kaɗai ba, ina dai so duk wanda zai yabe shi ya ambaci waɗanda suka fara riƙe masa hannu.

Dakta Sani: Hajiya ta yi gaskiya a kan halin 'yan Roma, na gani da idona a kasuwannin Iași. Bari in koma kan tambayar Usman, dalilin da ya sa ƙasar ta ɗauke shi uba. Mutumin yana da damar ya tare a Paris ya manta da gida, kamar yadda wasu suka yi, Faransawa ma har sun sauya masa suna zuwa Georges Enesco. Amma yaƙin duniya na farko a gida ya same shi, kuma lokacin da Jamusawa suka kama Bukarest gwamnati ta koma Iași, ya riƙa bin asibitoci da gogensa yana yi wa sojojin da suka ji rauni kiɗa, ya kuma haɗa ƙungiyar makaɗa a birnin cikin wannan hali na yunwa da annoba. Tun kafin yaƙin ya kafa gasar shekara-shekara ta matasan masu tsara kiɗa da kuɗin da ya tara daga wasanninsa, kuma a 1920 da aka kafa ƙungiyar masu tsara kiɗa ta Romaniya shi aka zaɓa shugabanta na farko. A wannan yaƙin ne kuma aka aika da wasu takardun kiɗansa Mosko tare da dukiyar ƙasar don a adana, juyin juya halin 1917 ya rutsa da su a can, sai bayan shekaru suka dawo hannunsa.

Malama Zainab: Ina bin muhawarar tun safe. Akwai abin da nake so Malam Habibu ya warware mini. Na taɓa karanta cewa ayyukan da Enescu ya amince ya sa wa lamba guda 33 ne kawai. Ga wanda ya fara rubutu tun yana yaro, wannan kaɗan ne ƙwarai. Shin ƙyuya ce, ko rashin lokaci?

Malam Habibu: Malama, adadin daidai ne, kuma dalilin biyu ne da suka haɗu suka yi masa katutu. Na farko, da goge yake ci. Yana cikin manyan masu gogen zamaninsa, ga fiyano a hannunsa, ga jagorancin makaɗa, har ya jagoranci babbar ƙungiyar makaɗan New York a 1937 da 1938. Saboda haka damina da rani yana kan jirgin ƙasa ko na ruwa, daga wannan birni zuwa wancan, sai 'yan watannin bazara yake samu ya zauna a gidansa na Sinaia ko a Tescani ya yi rubutu. Shi kuwa a ransa rubutun ne sana'arsa, gogen hanyar abinci ce. Na biyu, ba ya sakin aiki. Yakan riƙe abu shekaru yana gyara, kuma da yake Allah ya ba shi hadda mai ban tsoro, yakan gama kiɗa a kansa ya ɗauka ya gama, alhali bai sauka a takarda ba. Shahararren mai goge Yehudi Menuhin, wanda ya zama almajirinsa a 1927 yana yaro, ya ba da labarin ranar da Ravel ya shigo ana tsakiyar darasi da sabuwar sonatarsa, suka kaɗa ta sau ɗaya, Enescu ya rufe takardar ya sake kaɗa ta da ka. Irin wannan baiwa riba ce ga mai ita, amma mu ta jawo mana asara, domin abin da ke kansa ya tafi da shi. Simfoninsa na huɗu da na biyar a zayyane ya bar su, sai bayan rasuwarsa da shekaru masu yawa Pascal Bentoiu ya kammala su.

Misali mafi girma shi ne wasan kwaikwayonsa na waƙa, Œdipe. Tunanin ya shige shi ne wajen 1910, bayan ya kalli tsohon wasan Sofokilis na Girka a wani dandalin Paris. Edmond Fleg ya rubuta masa baitocin da Faransanci, bai gama kiɗan ba sai 1931, ba a kuma nuna shi ba sai ranar 13 ga Maris, 1936, a Paris. Rubu'in ƙarni a kan aiki guda.

Alhaji Mamman: Gafara dai, malamai. Wannan Œdipe ba shi ne labarin wanda ya kashe ubansa ya auri uwarsa bai sani ba? Mun karanta shi da Faransanci a makaranta a Maraɗi. An ce mini a wasan Enescu an sauya kacici-kacin dodanniyar da ta tare hanyar birni, aka mai da shi tambayar abin da ya fi ƙaddara ƙarfi, shi kuma ya amsa da cewa mutum ne. Idan haka ne, ni kam wannan magana ba ta kwanta mini ba, kuma ban ga dalilin yabon aikin da aka gina a kanta ba.

Malam Habibu: Alhaji, ranka ya daɗe, abin da aka gaya maka haka yake, kuma ba zan ce maka lafazin ya dace da aƙidarmu ba. Abu biyu kawai zan ƙara. Ƙaddarar da ke cikin labarin ta gumakan Girkawa ce, waɗanda suke ɗana wa jariri tarko tun ranar haihuwarsa don laifin ubansa, kuma da ita jarumin yake jayayya. Sannan wasan bai bar amsar ta tsaya da ƙafarta ba. Dodanniyar tana mutuwa ne cikin wani sauti da ba a rarrabe dariya ce ko kuka, har Enescu ya sa a ci gaba da jan sautin da zarto, zarton kafinta da ake gogawa kamar goge, yana hawa sama har ya ɓace. Daga nan duk abin da aka yi wa Œdipe alkawari sai da ya same shi, bai tsallake ko ɗaya ba. Abin da ya rage masa a sashe na huɗu, yana tsoho makaho, shi ne hujjar cewa bai taɓa nufin sharrin da ya auku ta hannunsa ba. Nasarar da wasan yake nufi ke nan, ta niyya.

Alhaji Mamman: To, Malam, idan a kan niyya aka tsaya, da sauƙi. Amma da ni ne Fleg da na zaɓi wata kalmar. Na bar ta a nan.

Malama Zainab: Na gode da amsar, Malam. Ni ɓangaren da ya fi taɓa ni shi ne ƙarshensa, kuma ina ganin a nan ne za a auna ko ƙasar ta kyauta masa. Matarsa Maruca, wadda ya sadaukar wa Œdipe, gimbiya ce ta gidan Cantacuzino ta aurenta na farko. Ya daɗe yana sonta, bai aure ta ba sai a ƙarshen shekarun 1930, bayan ta yi fama da matsananciyar rashin lafiyar ƙwaƙwalwa, shi ya yi jinyarta. A Bukarest tana da katafaren gidan Cantacuzino a kan titin Calea Victoriei, amma ƙaramin gidan da ke bayansa suka zauna. A watan Satumba na 1946, da 'yan gurguzu suka fara kankane mulki, suka bar ƙasar ta jirgin ruwa, kuma bai sake taka ta ba. A ƙarshen 1947 aka tilasta wa Sarki Michael sauka, dukiyar masu ƙasa ta koma hannun gwamnati. Ga shi ya haura sittin da biyar, ƙashin bayansa ya tanƙware, kunnensa ya fara ba shi matsala, dole ya koma yawon kiɗa da koyarwa don su ci. A 'yan ɗakuna ƙanana suka ƙare a titin Clichy na Paris. A 1954 ɓarin jikinsa ya shanye, har sai da abokinsa Marcel Mihalovici ya taimaka wajen sa alamomin ƙarshe a aikinsa mai lamba 33. Ya rasu ranar 4 ga Mayu, 1955, aka binne shi a maƙabartar Père Lachaise. Bayan shekara uku kacal, gwamnatin da ya guje wa ta buɗe gagarumin bikin kiɗa da sunansa a Bukarest. Ni wannan yana yi mini kama da kukan da ake yi wa gawa bayan an ƙi ta da rai.

Dakta Sani: Malama, a nan zan ɗan saɓa miki. Gwamnatin ta neme shi ya dawo tun yana raye, shi ne bai koma ba, kuma ina ganin ya san za a yi ado da shi ne. Ban musa cewa bikin 1958 akwai siyasa a cikinsa ba. Amma a wannan bikin ne mutanen Romaniya suka fara ganin Œdipe a dandalinsu, shekara ashirin da biyu bayan Paris, Constantin Silvestri yana jagoranci, kuma Menuhin ya zo ya yi kiɗa don malaminsa tare da David Oistrakh. Gwamnatin ta faɗi a 1989, bikin yana nan, yanzu duk bayan shekara biyu ake yin sa daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, manyan ƙungiyoyin makaɗan duniya suna zuwa. Gidan Cantacuzino kuma shi ne gidan tarihinsa.

Malama Zainab: Na ji, Dakta, amma kabarin har yau yana Paris.

Usman: Na gode ƙwarai, iyayena. Daren jiya na saurari sonata ta uku har ƙarshe. Sashen farko ya shige ni, na tsakiya kuwa, inda gogen yake fito da wani siririn sauti kamar sarewa fiyano yana ta nanata sauti guda, gaskiya ban gane inda aka dosa ba. Na kuma duba taswira, Liveni ba ta da nisa sosai daga nan, ina so in je idan an yi hutu.

Malam Habibu: Wannan sashen ba a kama shi a ji ɗaya, ɗana. Ka sake saurarensa da dare, ka daina jiran bugun da za ka bi da ƙafa, ka bi gogen kawai. Idan ka samu rikodin da Enescu ya yi da kansa tare da Dinu Lipatti a fiyano, wanda ɗan gidansa ne, da shi za ka fara, ko da yake sautin tsoho ne yana da ƙura. Idan ka je Liveni kuma ka biya ta Dorohoi, akwai gidan mahaifinsa da aka mayar gidan tarihi, ka ɗauko mana hotuna. Ka tambaya mana ko akwai wanda ya san inda zuriyar Lae Chioru take, don Hajiya Rabi.